Ɗorin Zamani: Tsakanin Ɗakin Gwaji da Ƙafar Majinyaci

Gabatarwa

Tun zamanin da, ɗan'adam ya san cewa ƙashin da ya karye yakan haɗe da kansa. Maɗorin gargajiya da likitan ƙashi na asibiti duk a kan wannan sani suka kafa sana'arsu: a daidaita bakunan karaya, a ɗaure, a hana motsi, jiki kuma ya ƙarasa sauran aikin. Sai dai akwai raunin da jiki ba ya iya cikewa. Idan harsashi ko haɗarin mota ya tafi da wani yanki na ƙwauri mai tsawon taƙi guda, babu ɗaurin da zai sa bakunan biyu su tarar da juna. Haka nan idan guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi a cikin gwiwa ya ɓare, ba ya komawa yadda yake ko da an shekara ashirin ana jira.

Domin cike wannan giɓi ne aka sami fannin binciken kayan dashe. Abin da ake nufi da kayan dashe shi ne duk wani abu da aka ƙera daga ƙarfe ko gilashi ko roba ko furotin, domin a sanya shi cikin jiki ya zauna lafiya da tsoka da jini. Wani yakan maye gurbin abin da ya lalace, wani kuma yakan zama tsaiko wanda ƙwayoyin halitta za su hau su sake gini a kansa, kamar yadda ake baibaye tsaikon ɗaki da shuci.

A kai a kai akan ji labarin wata jami'a a Turai ko Amurka ko Asiya da ta ƙera sabon abu wanda ya gyara gwiwar zomo ko ya tsirar da ƙashi a jikin ɓera, kuma kafofin watsa labarai su yi ta shelar cewa ƙarshen ciwon gaɓɓai ya zo. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, ma'aunin gaskiya na kowane kayan dashe yana ƙafar majinyaci: shin tana ɗauke da shi bayan shekara goma, kuma majinyata nawa ne hannunsu zai iya kaiwa ga maganin? Tarihin fannin ya nuna cewa duk lokacin da aka ajiye wannan ma'auni aka ɗauki wani, marasa lafiya ne suka biya kuɗin da jikinsu.

Maƙwabta biyu masu hali daban

Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kowanensu rayayye ne. Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adinin kalsiyam da fosfet ne, sauran kuwa galibi ruwa ne da zaren furotin mai suna kolajin. Ma'adinin ne ke ba shi tauri, zaren kuma yana hana shi tsagewa, kamar yadda magini ke cuɗa ƙasa da ciyawa don kada bango ya dare. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon gini da wasu masu ɗora sabo, har ta kai cikin kimanin shekara goma jiki ya sabunta kusan dukkan ƙasusuwansa. Jijiyoyin jini sun ratsa shi ko'ina, ga kuma ɓargo a tsakiya mai cike da ƙwayoyin asali waɗanda ke iya rikiɗa su zama magina. Shi ya sa idan ya karye, jini kan taru ya daskare a wurin, daga nan a sami wani kumburi mai taushi, ya taurare, a hankali jiki ya sassaƙe shi har ya koma kamar ba a taɓa karyewa ba.

Guringuntsin gaɓa kuwa labarinsa daban ne. Kaurinsa a gwiwa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, mafi yawansa ruwa ne, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ba su kai kashi 5 cikin ɗari na girmansa ba, kowace tana kulle a ɗan gurbinta. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, babu kuma jijiyar jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, yana tsotsa yana matsewa kamar soso a duk lokacin da mutum ya taka ƙasa. Duk da wannan talauci, yana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a kowane taku, shekara da shekaru. Amma da zarar ya ji rauni, babu jinin da zai kawo masa ɗauki. Tun a shekarar 1743 wani likita mai suna William Hunter ya gabatar da takarda a birnin Landan inda ya bayyana cewa guringuntsi idan ya lalace ba ya gyaruwa. Yau fiye da shekara 280 ke nan, kuma har yanzu masu bincike suna kokawa da wannan hukunci nasa.

Inda aka yi nasara

A fagen ƙashi an ci nasarori na gaske. Hanya mafi inganci har gobe ita ce a yanko ƙashin majinyaci daga ƙugunsa a dasa a inda ake bukata, domin yana zuwa da tsaiko da magina da sinadaran da ke kiran su aiki gaba ɗaya. Matsalarta ita ce abin da za a iya ɗiba kaɗan ne, kuma wurin da aka yanka yakan daɗe yana ciwo. Neman abin da zai maye gurbin wannan yanka shi ne ya haifi fannin.

A shekarar 1892 wani likita Bajamushe, Dreesmann, ya cike ramukan ƙashi da garin filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi. A 1952 Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya lura cewa wani ɗan bututun taitaniyam da ya sanya a ƙashin zomo ya manne har ya ƙi fita. Bai yi gaggawa ba. Sai a 1965 ya dasa wa mutum na farko haƙoran da ke tsaye a kan wannan ƙarfe, kuma mutumin ya yi amfani da su kimanin shekara arba'in har ƙarshen rayuwarsa. A wannan shekara ta 1965 Marshall Urist na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa ƙashin da aka cire wa ma'adini, idan aka binne shi cikin tsokar dabba, yana sa sabon ƙashi ya tsiro a wurin. Daga baya aka gano furotin ɗin da ke yin wannan kira, aka raɗa masa suna BMP. A 1969 kuma Larry Hench na Jami'ar Fulorida ya ƙera wani gilashi mai ɗauke da kashi 45 cikin ɗari na silika, wanda ƙashi ke rungumarsa ya haɗe da shi. Abin da ya zaburar da shi hira ce da wani kanar da ya dawo daga yaƙin Biyetnam, wanda ya ba shi labarin samarin da ake yanke wa ƙafa domin jiki ya ƙi karɓar ƙarfe da robar da ake da su a lokacin.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kayayyaki sun yi aiki ne domin ƙashi da ma a shirye yake ya gyara kansa; hanya kawai suka share masa. Kuma ko a nan nasarar tana da iyaka. Gilashin Hench da dangoginsa na yumɓun kalsiyam suna da gautsi, ba sa ɗaukar nauyin jiki, don haka galibi a matsayin tsakuwoyi ake zuba su a ƙananan ramuka. Babban giɓi kuwa yana da wata matsala: ƙwayar halitta ba ta rayuwa idan ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Tsaiko mai kauri, komai kyan ƙirarsa, tsakiyarsa takan mutu kafin jijiyoyi su iso. A 2001 wasu masu bincike na ƙasar Italiya sun wallafa labarin majinyata uku da aka cike wa giɓin santimita 4 zuwa 7 da yumɓu mai ɗauke da ƙwayoyin ɓargonsu, kuma ƙasusuwan suka haɗe. An yi tsammanin ƙofa ta buɗe. Fiye da shekara ashirin bayan haka, wannan hanya ba ta zama aikin yau da kullum a asibitoci ba.

Inda ake ci gaba da fama

A ɓangaren guringuntsi, dabara mafi sauƙi ita ce a aro jini daga maƙwabci. Likita yakan huda ƙananan ramuka a ƙashin da ke ƙarƙashin raunin domin ɓargo ya tsattsafo ya cike wurin, hanyar da Richard Steadman ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1980. Wurin yakan cike, amma da wani irin guringuntsi mai kama da tabo, wanda ba shi da santsi da juriyar na asali, kuma a wurin majinyata da dama yakan fara lalacewa bayan ƴan shekaru.

A 1994 Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu a birnin Gotenbog na Suwidin suka wallafa sakamakon majinyata 23 da aka yi wa wata sabuwar hanya: a ɗebi ɗan guntun guringuntsi mai lafiya, a rena ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji har su ninka, sannan a mayar da su cikin raunin. Daga wannan ne aka sami MACI, inda ake shuka ƙwayoyin a kan wata ƴar fatar kolajin a manna ta a wurin. Gwajin da aka yi wa mutum 144 ya nuna ta fi huda ƙashi rage ciwo bayan shekara biyu, kuma bibiyar shekara biyar ta tabbatar da hakan. A birnin Bazel na Suwizalan, ƙungiyar Ivan Martin ta gwada ƙwayoyin guringuntsin hanci a gwiwar mutum 10, ta wallafa sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2016. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Agili-C, wani toshi da aka ƙera daga murjanin teku a Isra'ila, bayan gwaji a kan mutum 251.

Waɗannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Amma ya dace a faɗi iyakarsu a fili. Galibinsu an yi su ne domin ƙaramin rauni mai iyaka a gwiwar matashi ko ɗan wasa. Lokacin da hukumar tantance magunguna ta Ingila ta amince da dashen ƙwayoyin guringuntsi a 2017, ta gindaya sharaɗin cewa raunin ya wuce murabba'in santimita 2, kuma gaɓar ba ta riga ta kamu da amosani sosai ba. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Tsohuwar da gwiwarta ta gama cinyewa har ƙashi na gogar ƙashi, babu tsaiko ko ƙwayar halittar da aka tabbatar za ta mayar mata da guringuntsinta a yau. Abin da ake yi mata shi ne a sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba.

Dalili ɗaya da ke sa labaran ɗakin gwaji su zarce gaskiya shi ne dabbobin da ake gwaji da su. Guringuntsin gwiwar zomo bai kai rabin milimita ba, kuma ƙaramin zomo yakan warke ko ba a yi masa komai ba. Hoton nan da ya zaga duniya a 1997, na ɓera mai siffar kunnen mutum a gadon bayansa, ya sa jama'a sun ɗauka saura ƙiris a fara ƙera sassan jiki. Abin da ke cikin hoton ƙwayoyin guringuntsin saniya ne a kan tsaikon roba, a ƙarƙashin fatar ɓeran da ba shi da garkuwar jiki. Tsakanin wannan da gwiwar manomi mai ɗaukar buhu akwai tafiya mai nisa.

Abin da gaggawa ta jawo

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma tarihin kayan dashe ya gaskata su. A ƙarshen shekarun 1950 John Charnley na Ingila ya fara sauya gaɓar ƙugu da wata roba mai tsananin santsi, Teflon. A watannin farko majinyata suka tashi suna tafiya ba ciwo. Cikin shekara biyu zuwa uku robar ta goge, ɓurɓushinta ya haddasa kumburi mai cin ƙashi, kuma kimanin mutum 300 ne abin ya shafa. Abin da ya ɗaukaka Charnley shi ne yadda ya fuskanci lamarin. Ya sake yi wa majinyatansa aiki, ya gargaɗi sauran likitoci a rubuce, ya gwada ɓurɓushin robar a ƙarƙashin fatar cinyarsa, sannan da ya koma ga wata roba mai juriya a 1962, ya hana a sayar da kayan sai ga likitan da ya zo ya koyi aikin a wurinsa. A kan wannan taka-tsantsan aka gina aikin sauya ƙugu da miliyoyin mutane ke amfana da shi yanzu.

Ba kowa ne ya bi sahunsa ba. A 2002 aka amince da Infuse a Amurka, wato furotin BMP-2 a jiƙe cikin soson kolajin, domin wani nau'i guda na aikin haɗa ƙashin baya. Nan da nan likitoci suka shiga amfani da shi a wuraren da ba a gwada ba. A 2008 hukuma ta yi gargaɗin cewa a wuya yana jawo kumburin da ke iya toshe numfashi. A 2011 Eugene Carragee na Jami'ar Sitanfod da abokan aikinsa suka sake duba bincike 13 da kamfanin ya ɗauki nauyinsu, masu ƙunshe da majinyata 780, suka tarar babu ko ɗaya da ya ambaci wata illa, alhali ƙiyasinsu ya nuna illolin sun kai kashi 10 zuwa 50 cikin ɗari gwargwadon irin aikin. A 2013, bayan an miƙa cikakkun bayanan ga masana masu zaman kansu ta hannun Jami'ar Yel, ƙungiyoyi biyu suka cimma matsaya kusan ɗaya: maganin bai nuna wani fifiko bayyananne a kan ƙashin ƙugun majinyaci ba.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a asibitin Karolinska na birnin Sitokholm. Maƙogwaro bututu ne da zobban guringuntsi ke riƙe da shi a buɗe. A 2011 Paolo Macchiarini ya dasa wa wani ɗalibi ɗan ƙasar Eritiriya maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargonsa, da'awar ita ce ƙwayoyin za su mayar da robar rayayyen sashe na jiki. Jaridun duniya suka yi ta yabo. Ba a yi gwajin da ya kamata a jikin dabbobi ba kafin a taɓa mutum. Majinyata uku da aka yi wa wannan aiki a asibitin duk sun rasu bayan doguwar wahala. Likitoci huɗu da suka kai ƙara a 2014 sun sha tsangwama kafin a saurare su, kuma sai a 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyu da rabi.

Maganin irin wannan ɓarna an daɗe da sanin sa, wato rajista. Suwidin ta buɗe kundin ƙasa na gwiwoyin da aka sauya a 1975, na ƙugu kuma a 1979, inda ake rubuta kowane aiki da irin kayan da aka sa da ranar da ya lalace. Irin waɗannan kundaye na Ostareliya da Ingila ne suka fallasa wata gaɓar ƙugu mai suna ASR, wadda ƙarfe ke gogar ƙarfe a cikinta, har aka janye ta daga kasuwa a 2010 bayan an riga an dasa kimanin 93,000. Rajista aiki ne marar armashi, ba ya kawo lambar yabo, amma shi ne idon da ke ganin abin da ɗakin gwaji ba ya gani.

Hujjar masu ganin an cika jinkiri

Akwai masu cewa yawan taka-tsantsan shi ma yana da nasa gawarwakin. Majinyacin da ake shirin yanke wa ƙafa ba shi da shekara goma ta jira. Suna kuma kafa hujja da cewa tsadar cika sharuɗɗa tana kashe kayayyaki masu amfani: ChondroCelect, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009, kamfaninsa ya janye shi a 2016 saboda dalilan kasuwa, ita ma MACI an dakatar da ita a Turai a 2014 bayan rufe masana'antar da ke sarrafa ta.

Wannan magana tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina gwaji a jikin mutum, domin ba don gwaji ba da ba a sami komai ba. Amma bambancin Charnley da Macchiarini a bayyane yake. Dukansu sun gwada sabon abu, dukansu kuma abin ya lalace a hannunsu. Ɗaya ya ƙirga asararsa ya sanar da duniya, ɗayan ya ɓoye ya ci gaba da yanka. Abin da ake nema shi ne majinyaci ya san cewa gwaji ake yi da shi, a kwatanta sabon abu da tsohuwar hanya a gwaji na adalci, a bi sawun kowane majinyaci shekaru masu yawa, kuma a buɗe bayanan ga waɗanda ba su da hannun jari a cikin kamfanin. Cikin haƙƙin sani har da asalin kayan: fatar kolajin ta MACI daga alade ake samo ta, soson Infuse kuma daga saniya, kuma majinyaci ya cancanci a gaya masa kafin ya sa hannu.

Dangane da kayan da suka mutu a kasuwa kuwa, darasin da ke ciki ya fi karkata ga masu ƙira. Maganin da ke bukatar tiyata biyu, da makonni na renon ƙwayoyi a ɗaki mai tsananin tsabta, da kusan shekara guda ta motsa gaɓa, tun ran gini aka yi masa zanen tsada. Idan ƙasashe masu arziki sun kasa ɗaukar nauyinsa, to ina ga sauran duniya?

Wa zai samu?

Wannan tambaya ita ce rabi na biyu na ma'aunin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗuran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, suna raunata miliyan 20 zuwa 50, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin masu karaya a babban asibitin Maraɗi ko Kano ko Garwa ya san cewa samarin kabu-kabu da fasinjojinsu ne suka cika gadajen. Giɓin ƙashi da ruɓewarsa bayan buɗaɗɗiyar karaya sun fi yawa a inda kuɗi suka fi ƙaranci.

A nan ne ya kamata a jinjina wa wasu dabaru da ba su cika samun shela ba. Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan na Saberiya, ya gano a shekarun 1950 cewa idan aka yanke ƙashi aka riƙa jan bakunansa milimita ɗaya a kowace rana da zobban ƙarfe da wayoyi, sabon ƙashi yana tsirowa a tsakani. Alain-Charles Masquelet na Faransa, tun daga 1986, yakan cike giɓi da simintin ƙashi, irin wanda Charnley ya yi amfani da shi, ya bar shi mako shida zuwa takwas. Jiki yakan kewaye simintin da wata fata mai yalwar jijiyoyin jini da sinadaran gini. Sai a cire simintin a zuba ɓurɓushin ƙashin majinyaci a cikin wannan jaka. A rahotonsa na shekarar 2000 an cike giɓin da ya kai santimita 25 ta wannan hanya. Abin da jiki ke yi don ya killace baƙo, shi Masquelet ya mayar da shi magani.

Haka nan a 1999 Lewis Zirkle ya kafa ƙungiyar SIGN a Amurka, wadda ta ƙera sandar ƙarfe ta cikin ɓargo da za a iya sanyawa ba tare da na'urar hoto mai tsada a ɗakin tiyata ba. Ana ba da ita kyauta ga asibitoci a ƙasashe fiye da 50, da sharaɗin likita ya riƙa shigar da bayanan kowane aiki a kundin ƙungiyar. Araha da bibiya suka haɗu wuri ɗaya.

Akwai kuma cutar da ta shafi yankin Hausawa kai tsaye, wato amosanin jini ko sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, kuma ta yaɗu a Nijar da Gana da Kamaru. Ɗaya daga cikin illolinta ita ce toshe jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ya mutu ya rufta, matashi ɗan shekara ashirin ya koma ɗingishi. Philippe Hernigou na asibitin Henri-Mondor da ke kusa da birnin Faris ya shafe shekaru yana zuƙo ɓargon majinyaci daga ƙugu, ya tace shi, ya zuba a cikin ƙashin da ke mutuwa, kuma sakamakon ya fi kyau idan an yi aikin kafin ƙashin ya rufta. Tiyata ɗaya ce, babu renon ƙwayoyi na makonni. Irin wannan bincike ne ya kamata jami'o'i da asibitocin koyarwa na yankin su sa wa ido, su gwada shi bisa ƙa'ida, su kuma rubuta sakamakonsa mai daɗi da marar daɗi.

Kammalawa

Binciken kayan dashe fanni ne mai daraja, kuma miliyoyin mutanen da ke tafiya a yau da ƙugun ƙarfe ko ƙashin da aka cike shaida ne a kan haka. Sai dai nasarorinsa masu ɗorewa sun fito ne daga hannun waɗanda suka fahimci halin jiki suka bi shi a sannu, suka kuma yarda a ƙirga kurakuransu. Ƙashi ya amsa kira domin yana da jini. Guringuntsi har yanzu amsarsa rabi da rabi ce. Saboda haka, duk wanda ya ci karo da labarin sabon abin da aka ce zai gyara gaɓa, ya dace ya tambaya: a jikin wace halitta aka gwada shi, mutum nawa, da me aka kwatanta shi, shekara nawa aka bi sawunsu, wa ya biya kuɗin binciken, kuma nawa majinyaci zai biya? Gwamnatoci da masu ba da tallafin bincike su ma ya kamata su ware wa rajista da bibiya kaso mai tsoka, su kuma fifita ƙirar da asibitin lardi zai iya amfani da ita. Jiki magayi ne, amma ba ya ba da labarinsa a wata shida. Sai an yi haƙuri an saurare shi shekaru.